Gwaggo Mai Duba Gindin Kofi

Kafin burodin farko ya fito daga tanderu, Gwaggo ta riga ta saka rigar aikinta, ta kunna injin niƙa, ƙamshin gahawa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita titi yana kiran mutane. Sai ta goge teburin sayarwa, ta jera kofuna, ta ɗaga kai ta dubi baƙin allon da ke bango, inda ake rubuta ire-iren gahawar da ake sayarwa. Haka take yi tun kanta bai san furfura ba. Gidan burodin na ɗan wanta ne, wanda kowa ke kira Dogo. Gari da tanderu nasa ne, amma allon nan hurumin Gwaggo ne, ko allin ba ya taɓawa sai da izininta.

Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa yau da ta ajiye aiki ba za mu yi shiru ba.

Abin da ya fi ba ma'aikatan gidan mamaki shi ne wanke-wanke. Mace da girmanta, ga masu wanke-wanke an ɗauka, amma duk kofin da aka sha aka dawo da shi sai ya bi ta hannunta. Ta karkata shi, ta leƙa gindinsa, sannan ta tsoma a ruwa. Mai kwaɓa gari ya taɓa tsokanarta, ya ce, "Gwaggo, ko duba kika koma ne ba mu sani ba?"

Ta harare shi ta ce, "Duban ne, ja'iri. Mutum zai ce maka ta yi daɗi don kunya, ya bar maka rabi ya tafi. To ni rabin nan nake saurara, ba bakinsa ba."

Da wannan leƙen ta gina allonta. Ta taɓa haɗa wata gahawa mai zuma, kowa na yabo, amma kofuna na dawowa da saura. Ashe da burodi mai zaƙi ake shan ta, zaƙi kan zaƙi sai ya gundiri mutum. Ranar ta goge ta daga allon ba tare da jin ciwo ba. Tun daga nan idan Dogo ya gasa mai zaƙi, sai ta tura mai ɗan ɗaci gaba, idan na gishiri ne ya fito, ta ce a gwada mai madara. Kuma ba ta yarda a rubuta gahawar da sai an sayo mata wani kaya na daban ba. Kirfa, madara, citta, duk abin da ke ɗakin ajiyar burodi shi ne kayan aikinta. Allonta bai taɓa yin tsawo ba, don takan ce mai yunwa da safe ba karatu ya zo yi ba.

Ke ce, Gwaggo, kika sa wanda ya shigo sayen burodi ɗaya ya ja kujera ya zauna. Ke ce kika san gahawar kowa tun bai buɗe baki ba.

A can ƙasan allon akwai wadda ake kira ƙaramar baƙa: gahawa zalla a ɗan kofi, mafi araha a gidan. Masu shan ta su ne direbobi, da masu gadi da suka tashi daga aiki, da wani dattijo mai sharar titin, wanda kowa ke kira Baba. Shi Baba a duk faɗin titin da yake sharewa, bencin bakin ƙofar nan ne kaɗai inda ake ce masa zauna.

Da gwiwoyin Gwaggo suka fara gardama, ta ce lokacin hutu ya yi, sai Dogo ya same ta wurin wanke-wanke yana sosa ƙeya. Ba mugu ba ne, wallahi, nauyi ne ya yi masa yawa, ga kayan gahawa sun yi tashin gwauron zabo.

"Gwaggo, ƙaramar baƙar nan fa, in kin tafi ina ganin a goge ta. Wahala kawai muke sha a kanta."

Ba ta musa masa ba, don ta san gaskiya ya faɗa. Abin ya sosa mata rai ƙwarai, amma sai ta ce, "Ɗan nan, a gidanku da aka haifi ƙaninka, yar da shi aka yi don ba ya kawo komai?"

"Kai, Gwaggo! Goya shi aka yi mana."

"To ka ba ni lokaci in nemo gahawar da za ta goya ta. In ban samo ba, ka goge, ba zan riƙe ka a zuci ba."

Nan fa aiki ya tashi sabo. Mace da ya kamata ta zauna ta miƙe ƙafa, sai ga ta tsaye tana gwaji. Ta haɗa mai citta da madara, kofuna suka dawo da saura. Ta rage citta, suka sake dawowa da saura. Mai kwaɓa gari ya sha gwaji har ya ce idanunsa sun manta hanyar barci. Ita kuwa kullum ta hango Baba ya jingine tsintsiyarsa ya zauna, sai tausayinsa ya kama ta, don bai san abin da ake ciki ba. Can dai ta dace: madara mai kumfa, ɗan kirfa, da sukarin da aka ƙona kaɗan, irin wanda Dogo ke shafa wa burodi. Ma'aikatan ofis suka yi wa sabuwar gahawar caa. Ta kira Dogo wurin wanke-wanke, ta tura masa tiren kofuna. Ya leƙa na farko, ya leƙa na biyu, duk an shanye tas.

Ranar da ta ajiye aiki, da hannunta ta goge allon, ta miƙa wa Dogo alli, ta ja kujera ta zauna cikin masu saye. Ya rubuta sabuwar mai kirfa, ya rubuta sauran, sannan ya tsaya da alli a hannu. Daidai lokacin Baba ya shigo. Maganar ta riga ta kai kunnensa, kuma idonsa ba ya ganin rubutu daga nesa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba.

"Dogo, har yanzu akwai tawa?"

Dogo ya dubi Gwaggo, ta kau da kai, don hukuncin nasa ne. Ya miƙa dogon hannun nan ya rubuta ƙaramar baƙa da manyan baƙaƙe.

"Akwai, Baba. Zauna, ni zan haɗa maka."

Gwaggo ta ce tururi ne ya shige mata ido, kowa ya yi kamar ya yarda.

Mun gode, Gwaggo. Ke ce kika nuna mana cewa ana neman riba ba tare da an kori kowa ba. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma masu sana'a, in lissafi ya matse ku, kafin ku goge abin da ƙaramin mutum ya dogara da shi, ku yi wahalar da tsohuwar nan ta yi, ku nemo abin da zai goya shi. Gobe da safe Baba zai zo, kuma zai zauna.