Ƙasar Gidan Inna

Har yau idan na ji ana kirarin zinare sai zuciyata ta tashi. A Sunke na yi aure, shekarun da maza suka watsar da fartanya suka koma haƙar dutse. A tsakar gida ake daka shi, a turmin da muke surfa gero, ƙurar ta bi tuwo, ta bi randa, ta bi bakin yara. Ashe gubar dalma muke ci.

'Yata tana rarrafe ta fara jijjiga. Mun daɗe a asibiti a Anka kafin ta dawo hayyacinta. Wasu matan da muka kwanta ɗaki ɗaya da zanen goyo kawai suka koma gida.

Kafin a sallame mu, ma'aikata sun kankare ƙasar gidanmu sun zuba sabuwa, sun yi gargaɗi har muryarsu ta dushe. Ko wata ba a rufa ba, sai ga ƙanin mijina da buhun duwatsu a kafaɗa, yana washe haƙoran nan nasa da goro ya rina.

"Matar yaya, ara man turmi. Ɗan kaɗan na, ba ya komi."

Na dubi mijina. Ya duƙar da kai yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba. Gidan gaba ɗaya ya yi mini wari. Na goya 'yata, na tari mai babur, sai Nasarawa Burkullu wurin Inna.

Gidan Inna ba rufin kwano, ba rediyo, sai rumbu ɗaya da awaki masu rashin kunya. A da ina raina shi. Na isa ina ta zazzaga masifa, ita kuwa tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ina cikin faɗa na hangi yarinyar ta dumbuzi ƙasa ta kai baki. Na zabura da ihu zan buge hannunta. Inna ta riƙe mini zane.

"Mi kika ma ihu? Zamna, ɗiyata. Wagga ƙasa ta kawai, ita kuka ci kuka girma."

Na zauna. Na zuba wa 'yata ido tana tauna ƙasa, miyau na dalala, tana yi mini dariya. Ban hana ta ba.