Ɗan Rawayan da Ya Ɓace a Tankin Baba

Shekarun baya, lokacin ban jima da barin kiwon tarwada na koma sayar da kifin ado ba, na yi wata katoɓara da har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya. Da tattabaru na fara neman na kaina a nan Suleja, na koma kaji, na taɓa raguna, sannan kifi. A lokacin da nake ba ku labari ina da ɗan shago, ina haɗa tankunan gilashi ina kai wa ofisoshi a Abuja. Duk na ruwan daɗi ne, kifayen da ko ka manta da su kwana biyu ba sa fushi. Sai na ɗauka na gama sanin kifi.

Wata rana wani abokina ya zo shago. Mahaifinsa ya yi shekaru yana aiki a Jidda, ya dawo gida ƙafa ta ƙi, kullum yana zaune a falo. Ya ce tsohon ba shi da hira sai ta kifayen da yake gani a bakin teku, don haka yana so a haɗa masa tankin ruwan gishiri, da duwatsun murjani da komai.

"Mutumina, za ka iya kuwa?"

Na ce, "Ruwa ne da gishiri fa. Ƙaramin aiki."

Ban taɓa yi ba. Amma na zauna na koya, kuma wannan ɓangaren na yi shi da kyau. Na auna gishiri, na shimfiɗa yashi mai laushi, na jera duwatsu, muka haɗa injin tace ruwa da sola saboda halin wutarmu. Na bar ruwan ya yi makonni yana juyawa babu kifi ko ɗaya. Baba yana kallo daga kujerarsa yana cewa, "Malam mai kifi, ruwa kawai muka saya ke nan?"

Da lokacin zaɓe ya yi, mutumin da ke kawo mini kaya daga Legas ya turo bidiyo. Akwai wani jinsi da masu sana'ar ke kira ras, 'yan siraran kifaye masu launi kamar an yi musu fenti, ba sa zama wuri ɗaya. Na miƙa wa Baba waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan wani ɗan ƙarami, rawaya shar, mai tafiya a hankali a gefe.

"Wannan nawa ne. Sauran na bar maka amana, kai ka san aikinka."

Ni kuma na zaɓa yadda nake zaɓen rago a kara: wanda ya fi kuzari, wanda ya fi sheƙi. Na ɗauki wani mai zane shida a jiki, yana zirga-zirga kamar ɗan acaɓa, da wasu jajaye biyu da suka fi kowa kyau. Mutumin Legas ya ce, "Oga, mai zanen nan shi ake sawa a ƙarshe, in ya riga kowa shiga gidan ya zama nasa. Jajayen nan kuma duk maza ne, ba za su zauna ba." Na ji shi, amma a raina na ce dabarar 'yan kasuwa ce, so yake ya tura mini marasa kyau ya ajiye masu kyau. Na ce ya fara turo mai zanen tunda shi ne mai ƙarfi, ya gwada mana ruwa.

Mako biyu mai zane yana shi kaɗai, ya san kowane rami. Ranar da sauran suka iso na daidaita musu ruwa, na juye su kai tsaye. Kafin in gama naɗe leda ya fara bin su. Jajayen biyu kuma suka buɗe ƙayoyin bayansu suna zagaye juna. Na ce wa Baba gaisawa suke yi.

Washegari da safe abokina ya kira. Ja ɗaya ya yi tsalle ya faɗo ƙasa, an tsince shi a bushe bayan kujera, domin ban sa wa tankin murfi ba. Ɗan rawayan Baba kuwa babu shi babu alamarsa. Na je na leƙa kowane lungu da tocila. Kwana biyu muna dubawa, shiru.

Abokina ya ja ni waje, gindin mota. "Ka kira Legas a turo wani irinsa. Mu sa shi lokacin da yake barcin rana, mu ce ɓuya ya yi. Tsohon nan tun jiya bai ci abincin kirki ba, idonsa na kan gilashin nan."

Ba zan ɓoye muku ba, har na fito da waya. Abin da ya tsayar da ni shi ne, ko an kawo wani, wancan mugun yana ciki, kashe shi zai yi. Ƙarya ɗaya ba za ta isa ba, sai dai in riƙa sayo ta duk mako. Na koma falo na durƙusa.

"Baba, laifina ne. An gaya mini kada in haɗa su haka, ban ji ba. Ina tsoron naka ya mutu."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, wanda ya gaya maka ɗin, yana nan da rai?"

Na ce yana nan.

"Sai ka koma ka tambaye shi, wannan karon da kunne."

Na fita kunya kamar ta kashe ni. Na biya gidanmu in sha ruwa kafin in kira Legas, sai na tarar da mahaifiyata a tsakar gida ta kife wata sabuwar kaza da kwando, wadda aka sayo mata daga kasuwar Izom. Sauran kajin suna zagayawa suna leƙe, zakara yana kai sara yana samun kwando. Tun ina yaro nake ganin haka, ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Inna, me ya sa ba kya sakinta?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka sayar da kaji? In na sake ta yau ai fige ta za su yi. Sai sun gan ta sun gaji da ganinta." Na ba ta labarin tankin. Ta ce, "Wato ka kai baƙi gidan mutum, ba sallama. Ɗan nan, har kifi ma sai ka haɗa faɗa?"

Mutumin Legas ya yi dariyarsa ya more, sannan ya ce abu biyu. Na farko, irin ɗan rawayan nan in ya tsorata yashi yake shigewa, yana iya kwanaki a binne, kada in kuskura in tona. Na biyu, in raba mai zanen da sauran a cikin ruwan, da wani akwati mai huji. Da ya kwatanta akwatin, na ga ai kwandon Inna ne.

Na ari kwandon roba da take tsane shinkafa da shi, na ɗaure masa raga a baki. Kama mai zane ya ci mini kwana uku. Na yanke gorar ruwa na juya bakinta ciki ta zama tarko, na sa abinci na nutsa ta a tankin, na zauna a kan tabarma ina gadi, ni da nake cewa na gama sanin kifi. Baba yana ta tsokana: "Malam mai kifi, wa ke kiwon wani a nan?" Da ya shiga, na sa shi a kwando na rataye a gefen tankin, na rufe saman tankin da ragar sauro a jikin katako.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Baba da kansa ya kira ni. "Zo ka gaida baƙonka." Na tarar da ɗan rawaya yana yawo a gaban gilashi, ya ɗan rame, yana tsintar abinci a jikin dutse. Abokina ya matso kusa da kunnena ya ce, "Da mun sayo wancan, yau biyu za mu gani." Baba ya ce, "Ina jin ku." Ashe kunnensa ƙalau yake.

Mai zane bai shiryu ba. Na sake shi bayan kwana goma ya koma halinsa, sai na ɗauke shi na kai shago, ya zauna shi kaɗai a tankinsa yana mulkin duwatsu. Jan da ya rage na nemo masa mata biyu marasa sheƙi, su ma sai da suka yi kwanakinsu a kwando kafin in sake su. Tankin ya zauna lafiya. Baba ya yi shekaru yana kallon ɗan rawayansa kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa.

Yanzu in mai saye ya nuna mini kifin da ya fi kyau, ba na saurin yabawa. Sai na tambaye shi su wa ke cikin tankin, wa ya riga shiga, akwai yashi, akwai murfi. Mai sanyin hali shi ke fara shiga, mai zafin kai a ƙarshe ko kuma kada ya shiga sam, maza biyu iri ɗaya kuwa ba na sayarwa ko za a yi fushi. Wasu suna fita su tafi wani shagon, ba na riƙe su. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kifin da ya mutu ba ne, wayar nan ce da na fito da ita a gindin mota. Saura kaɗan in yi wa tsohon da ya ba ni amana wasa da hankali, alhali abin da muke nema yana kwance a cikin yashi, a gabanmu.

Daga baya na sayi akwatin gaske, na gilashi, mai ƙofa. Amma kwandon yana nan rataye a shago, gishiri ya cinye launinsa. Duk lokacin da Inna za ta dafa shinkafa sai ta ce, "Aro fa ka ce." Na sayo mata uku, ta ce ita nata take so.