Littafin da na karanta wa Haboba

A shekarar da jami'an tsaro suka tafi da yayana, na sayi wani tsohon littafi marar bango a kasuwar Suk al-Arabi. Labarin wani gida ne mai duhu a ƙasar sanyi, an juya shi zuwa Larabci. Bayan la'asar nakan zauna gefen gadon kakata, wadda muke kira Haboba, a gidanmu na unguwar Kalakla, ina karantawa ina mayar mata da Hausa. Da shi muke rage jiran labarin yayana.

Kashi na farko baranyar gidan ce ke ba da labari. Ta ce maigida ya kulle ƙanwarsa a ɗakin sama, kullum ana jin takunta. Haboba ta tsine masa har ta gaji. Na san ba shi kaɗai take nufi ba. Duk unguwa an yi imani telan da ke maƙwabtaka da mu ne ya kai sunan yayana wajen jami'an tsaro, kuma mun daina gaisawa da iyalinsa.

Da na shiga kashi na biyu, sai Haboba ta ɗaga hannu.

"Wa ke magana yanzu?"

"Maigidan ne da kansa, Haboba."

A bakinsa, ƙanwar ta taɓa cinna wa gidan wuta, shi kuma a bakin ƙofarta yake kwana don tsoro. Takun da ake ji nasa ne. Haboba ta ce in rufe littafin, ba ta son ta ji tausayinsa.

Bayan kwana biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa da rana tsaka. Na je na buɗe. Matar telan ce, ta ja mayafi har kan hanci. Ta tsaya a zaure, ta ce kwana huɗu jami'an tsaro suka riƙe mijinta kafin su zo gidanmu, kuma har yau hannunsa na dama ba ya riƙe almakashi.

"Ya faɗi sunan jikana ko bai faɗa ba?" in ji Haboba.

"Ya faɗa, Hajiya."

Na zaci Haboba za ta kore ta. Amma sai ta ce in kawo wa matar ruwa. Matar ta sha a tsaye ta tafi.

Yayana ya dawo bayan wata biyu, a rame. Da muka gaya masa abin da matar telan ta faɗa, sai ya ce shi ma ya faɗi sunaye biyu, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.