Tagar da Ta Ƙara

A shagon kwafin takardu na bakin tashar Kawo, Alhaji Ubaidullah yana jiran layi. Gabansa wata budurwa ce siririya, ƙafar gilashinta ɗaure da zare, yatsunta duk tawada. Da alama ɗaliba ce. Tana shimfiɗa takardar zanen wani gida a kan tebur, tana daidaita gefenta da tafin hannu.

Mai shagon ya leƙa. "Hajiya, fili kika saya?"

"Wasa ne muke yi da ƙawayena," in ji ta. "Kowa ya ɗauki mutum guda a wani birni na nan gaba, inda kamfanoni ke mulki, mutane na da hannun ƙarfe. Wannan gidan mai matsakaicin albashi ne."

"Wannan akurkin? Ke muguwa ce!"

"A dokar wasan ko taga babu, ni na ƙara masa." Ta ɗora yatsa kan wani ɗan layi. "Ɗakinmu na haya a Hayin Banki, da mai gida ya raba shi biyu, tagar ta faɗa ɓangaren maƙwabta. Mamana ko da rana sai da fitila."

Ba da fushi ta faɗa ba.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Gobe magini zai raba ɗakunan gidan hayarsa na Katabu, kowanne kuwa taga ɗaya gare shi. Ya tanadi bulo da siminti, amma bai taɓa tunanin wanda zai zauna a duhu ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Maginin ne. Yana kallon sunan har ta tsinke.