Wayar da Ta Tsinke a Bayan Taga

Ina shekara ta huɗu da fara aiki a ɗakin kwamfutoci na wata ma'aikata a nan Bauchi na lura da abin. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa, da jan kafet da aka shimfiɗa tun kafin zuwana. Kowace shekara idan damina ta ɗauke, iska ta bushe, sai injunanmu su shiga mutuwa. A buɗe kwamfuta lafiyarta ƙalau don a ƙara mata wani abu, a rufe, ta ƙi tashi. A watannin nan ne kuma hijabina na roba yake ƙara ƙas-ƙas idan zan cire shi, in na kai hannu ga mariƙin ƙofa in ji kamar an soka mini allura.

Na haɗa biyun a raina, na je na sami ogan sashenmu.

"Yallaɓai, ina jin wutar da ke taruwa a jikinmu ce take kashe kayan nan."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Malama, ashe janareta gare mu ba mu sani ba! In an ɗauke wuta sai mu jona ki."

Abokiyar aikina tana wurin, ita ma ta dara. Tare muka yi makaranta, ni ce ma na kai takardunta aka ɗauke ta, shekara biyu bayana. Ita daga Tirwun take zuwa, ni daga Ɗan Iya.

Da aka samu gurbin kwas na sati uku a Kaduna, ita aka tura. Ni aka ce ina da goyo. Ranar da ta dawo aka tara mu, ta miƙe ta maimaita maganata tsaf, sai dai da Turanci, da takardar shaida a hannu. Oga yana gyaɗa kai yana cewa, "Kun ji ilimi."

Cikin sati guda aka naɗe kafet. Aka shimfiɗa wata tabarmar roba ta musamman a teburin gyara, aka rataye na'urar auna laimar iska a bango. Abokiyar tawa ta hana shiga da tufafin roba, sai auduga. Duk wanda zai taɓa cikin inji sai ya ɗaura wani maɗauri a wuyan hannu, mai waya a jiki. Wayoyin duka suna haɗuwa su fita ta bayan taga zuwa wani ƙarfe da aka kafa a ƙasa, can wutar jikin mutum take tsiyayewa. Aka danƙa mata makullin ɗakin.

A gaban taro ba ta ambace ni ba. Sai da muka fito neman Keke ta dafa ni ta ce, "Ƙawata, ai maganarki ce ta tabbata." Da ma ta yi shiru. Ashe tana sane.

Kuma tsarin ya yi aiki, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Wata biyu ba inji ko ɗaya da ya mutu. Mutanen wasu sassa suna leƙowa su ga ɗakin, ita ke zagayawa da su, ni ina gefe ina goge allo.

Wata Talata na zagaya famfon baya zan yi alwala, sai na ga masu gyaran kwata sun sare wayar nan da diga, sun tura ta gefe. Na tsaya ina kallonta. Na yi alwalata na koma ciki, ban ce wa kowa komai ba. Kwana tara ina ganin abokiyar tawa tana ɗaura maɗaurin da ba ya tsare komai. Ni kuwa kafin in taɓa inji sai in faki ido in dafa ƙarfen taga, wutar jikina ta fita.

A kwana na goma ta buɗe babban injin da ke riƙe da bayanan ma'aikata. Ta gama ta rufe, ya ƙi tashi. Oga ya zo ya tsaya a kanta a gaban kowa.

"Ina amfanin Kadunar? Kin sa mun yar da kafet, kin sa mana dokoki, ga shi nan!"

Allah Ya yafe mini, daɗi na ji, har cikin ƙashina.

Da azahar na same ta a inda muke salla, ta idar amma ba ta tashi ba, tana ta lissafa matakan da ta bi da yatsunta. "Ban tsallake ko ɗaya ba," ta ce. "Ko dai ni ce ban iya ba?"

Na ja hannunta zuwa bayan taga. Ta tsuguna ta ɗauki guntun wayar. Bakin tagullar har ya dafe, ya fara kore.

"Tun yaushe kika gani?"

"Ɗazu."

Ta dubi wayar, ta dube ni. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta je ta gaya wa oga cewa ni na gano matsalar. Ya ce, "Sannu, Malama," ko kai bai ɗaga ba. Aka ɗaura wayar a ranar, aka shafe sati ana dawo da bayanai.

Yau ita ce shugabar sashen. Ita ke sa hannu a takardar hutuna, ta zo sunan autana da turmin atamfa. Idan na ga motarta a inuwar da aka ware wa shugabanni, har yanzu sai na yi ta'awwuzi nake wucewa. Ba ta sake tambayata zancen wayar ba, ni ma ban taɓa gyara amsata ba.