Kason Oga a Cikin Saba

Na yi wasu shekaru ina kula da ɗakin kwamfuta na wani kamfanin rarraba magunguna a Gwarinpa, Abuja. Babbar na'ura ɗaya gare mu, saba muke ce mata, amma a cikinta na yanka ƙananan kwamfutoci da ba a gani da ido, kowane sashe da tasa. Ƙwaƙwalwar da ke musu aiki kuwa, wato furosesa, ta babbar suke rabawa, kamar gidan haya mai famfo ɗaya. Ni ne mai rabon, don haka ni ake zagi.

Tun farko ogan kamfanin ya sa na keɓe wa tasa kwamfutar rabin ƙarfin cur. Keɓewa irin wadda ko ya yi tafiya ba mai taɓawa. Me yake yi da ita? Duba rahoto da safe, shi ke nan fa! Sauran sassan su yi ta wawaso a kan ɗaya rabin.

Wadda abin ya fi ci ita ce matar da ke shigar da odar asibitoci, wata 'yar Filato da muke kira Madam. Sabuwar ɗauka ce, tana cikin watannin gwaji, ga yara biyu da take riƙo ita kaɗai a Jiwa. Da masu lissafi sun fara nasu aikin, sai tata kwamfutar ta shiga layi tana jira. Takan leƙo ɗakina da Hausarta ta Abuja.

"Malam, abin nan ta sake tsayawa o."

"Madam, ko dai ke ce ba ta so?"

Sai ta yi dariya, amma dariyar wanda ke cikin fargaba.

Ita da kanta ta gano cewa ranar Juma'a, in mun watse zuwa masallaci, kwamfutarta gudu take kamar an kore ta. Sai ta riƙa tara odojin da suka maƙale, ta zazzage su kafin mu dawo. Ko abinci ba ta ci. Wallahi ta ba ni tausayi.

Na sami oga, na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan sakar mata daga naka. Zaune yake ba ya komai."

"Nawa? Yau ka ɗibar mata, gobe masinja ma ya zo. Mai ƙorafi da kayan aiki raggo ne."

Na sake komawa, na nuna masa a allo yadda tata ke jira tasa na barci. Ya ce in ja masa ƙofa. Na fito ina huci, na rage wa tawa kwamfutar na ƙara mata, amma nawa kason bai taka kara ya karya ba.

Da gwajin ya ƙare, aka duba aka ce Madam ba ta aiki sai ranar Juma'a. Na yi bayani har muryata ta dushe, ba wanda ya saurara, aka sallame ta. Ta tattara kofinta da 'yar fankarta, ta tsaya a bakin ƙofata.

"Malam, ka yi ƙoƙari. Allah ya saka."

Wanda ya gaje ta ɗan ƙanwar oga ne. Ran da ya fara, ko azahar ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Oga ne.

"Yaron nan ya ce kwamfutarsa na jan ƙafa. Ɗebi daga nawa ka ƙara masa."

Na ɗiba, na ƙara. Ko daga kujera ban tashi ba, shayina ma bai huce ba. Abin da ya raba matar nan da abincin 'ya'yanta ke nan.