Garin da Ya Yi Baƙi a Kaskon Inna

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, maganar kuma ta masu ilmi ce, ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba.

A ƙauyenmu, kusa da garin Kamlin, la'asar ta mahaifiyarmu Inna ce. Idan muka dawo daga hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, mukan same ta a rumfa tana soya 'ya'yan gahawa a ƙaramin kaskon ƙarfe da ta gada wajen uwarta. Sai ta zagaya da shi kowa ya shaƙi hayaƙin, sannan ta daka ta zuba a jabana, ɗan tulun dafa gahawa.

Wata shekara bayan tsinkar auduga, 'yar ƙanena da ke jami'a ta zo hutu da 'yar kwalba, cikinta gari rawaya kamar kurkum.

Inna ta ce, "Ke, duk shekarun nan kayan miya kike karantawa?"

Yarinyar ta yi dariya, ta barbaɗa kaɗan a kaskon, ta ɗora kan gawayi. Muna kallo garin ya rikiɗe baƙi ƙirin.

"To, kin ƙona. Allah ya jiƙan mijinki."

"Bai ƙone ba, Hajja. Shi ne dai, zama ya sake. Kamar mutane ne a masallaci, kowa a karkace, da an ta da iƙama sai su yi sahu. In ya yi baƙi, hasken rana na sauka kansa yana iya ba da kahraba, wutar lantarki. In yana rawaya ba ya tsinana abin kirki."

Ta kankare shi a faranti. Da raɓa ta taɓa shi, sannu a hankali ya koma rawaya. Inna ta ce halin surukinta ke nan.

Ni ne na tambayi abin da aka haɗa shi da shi. Ta lissafa aidin, da wani sinadari mai wuyar suna, da dalma.

"Dalma ba guba ba ce?"

"Guba ce, Baffa. A wanke kaskon sosai."

Na wanke da toka, na dirje da yashi, na matsa lemun tsami. Zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ya iya sake kama, ina zan san bai ɓuya cikin ƙarfen ba? Na roƙi Inna ta bari in rataye kaskon, na sayo mata sabo.

Ta ce, "Kai tun kana yaro kake wanke ruwa da ruwa." Amma ta bari. Har ta rasu tana cewa gahawarta ƙamshin kasuwa take yi.

Yanzu 'yata za ta tare, kaskon kakarta kawai ta roƙa. 'Yar ƙanena takan ce mai yiwuwa ba kome, ni kuwa "mai yiwuwa" ba ta ishe ni ba. Don Allah, wanda ya san sha'anin dalma cikin masu karatu ya sanar da ni: wanki yana fitar da ita daga tsohon ƙarfe, ko akwai inda ake gwadawa?